Cinikin katako mai daraja da makomar itatuwan karkarar Kano

A ƙasashen Amurka da Ingila akwai masassaƙan da ba su da wata sana'a sai ƙera sandar da ake buga wasan sunuka da ita, kuma sanda guda, idan ta fito daga hannun ƙwararre, akan saye ta a kan dubban daloli.

Wani babban ɓangare na wannan tsada yana cikin katakon da ake yi wa sandar gindi da shi, wanda akasari daga dazuzzukan Afirka da Asiya da kuma Latin Amurka ake samo shi.

Cinikin irin wannan katako, wanda ya haɗa da na kayan kiɗa da na kujerun alfarma, ya riga ya yi wa dazuzzukan jihar Taraba da wasu sassan tsakiyar Najeriya mummunar illa a cikin 'yan shekaru kaɗan.

Har yanzu dai guguwar ba ta iso gonakin da ke kewaye da birnin Kano ba, irin su na ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. To amma yadda 'yan kasuwar katakon ke tashi daga wannan daji su faɗa wancan, kuma su bar wannan nau'in itace su koma wani, ya sa ya dace a duba abin da ya kare itatuwan wannan yanki zuwa yanzu, da kuma ko kariyar za ta ɗore.

Yadda ake ƙera sandar

A garuruwan arewacin Najeriya, duk wasan da ake yi a kan koren tebur da ƙwallaye da sanda, sunuka ake ce masa, ko da kuwa a wajen masu abin wasanni ne daban-daban. Shi sunuka na ainihi hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro shi a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a shekarar 1875, yayin da wanda matasa suka fi bugawa a rumfunan unguwanni ya fi kusa da samfurin Amurka, mai ƙaramin tebur.

Tsawon sandar yakan kai inci 57 zuwa 58, nauyinta kuma ya ɗan haura rabin kilo.

Rabinta na gaba, wanda ke zamewa a tsakanin yatsu, da farin katako ake yin sa, wato mapul a Amurka, ko kuma wani mai suna ash a Ingila. Waɗannan itatuwa ne na ƙasashe masu sanyi, kuma babu ƙarancinsu sosai a kasuwa.

Rabin baya shi ne inda magana take. Ɗan wasa yana buƙatar nauyin sandar ya rinjaya zuwa wajen hannunsa, saboda haka ake neman katako mai tauri da nauyi, wanda ba ya tanƙwarewa idan yanayi ya sauya, kuma yake sheƙi idan aka goge shi.

Baƙin katakon eboni na Kamaru da Gabon shi ne kan gaba, kuma nauyinsa ya kai a jefa shi a ruwa ya nutse. Akwai kokobolo na tsakiyar nahiyar Amurka, da jan katakon faduk na Afirka ta Tsakiya, da kuma wani baƙin ice na yankunan savana wanda Hausawa ke kira tabum, wanda da shi ne ma Turawa ke yin sarewar nan ta kilarinet.

Ƙwararrun masassaƙa sukan ajiye katakon ya yi shekaru yana bushewa, su fere shi kaɗan, su sake ajiye shi, su kuma dawo su ƙara ferewa, domin duk wata karkata da zai yi ya yi ta tun kafin a gama aikin.

Wannan ba shi ne karon farko da wasan tebur ya jingina da dukiyar dajin Afirka ba. A ƙarni na 19, da hauren giwa ake yin ƙwallayen, kuma haure guda 'yan ƙwallaye ƙalilan yake bayarwa. A wancan zamani haure na cikin hajojin da ayarin Sahara ke ɗauka daga Kano zuwa Tarabulus, tare da gashin jimina da fatu.

Tsadar hauren ce ta sa wani Ba'amurke mai suna John Wesley Hyatt ya duƙufa wajen neman madadinsa a shekarun 1860, binciken da ya kai shi ga samar da ɗaya daga cikin nau'o'in roba na farko a duniya.

Abin da ya sami madobiya

Gaskiyar magana ita ce sandar sunuka ba ta cin katako mai yawa. Abin da ya lashe dazuzzukan Afirka ta Yamma shi ne kasuwar kayan ɗaki ta ƙasar Sin, inda masu hannu da shuni ke rububin kujeru da gadaje irin na zamanin daulolin Ming da Qing, waɗanda ake yi da jan katakon da suke kira hongmu.

A shekara ta 2000 hukumomin Sin suka fitar da jerin nau'o'in itatuwa 33 da suka amince a kira su hongmu. Cikinsu har da wani icen Afirka da masana kimiyya ke kira Pterocarpus erinaceus, wanda ba kowa ba ne illa madobiya.

Bahaushe da Bafulatani sun san madobiya tun kafin wani ɗan kasuwa ya sa mata farashi. Tana fitar da furanni rawaya a tsakiyar rani, ganyenta kuma na daga cikin abin da makiyaya ke sassaɓo wa shanu a lokacin da ciyawa ta ƙare. Jan ƙaron da take zubarwa ana magani da rini da shi, a ƙasashen Mali da Gini kuwa da katakonta ake yin kayan kiɗan balafon da gangar jembe.

Da itatuwan hongmu na kudu maso gabashin Asiya suka soma ƙarewa, sai dillalai suka juyo Afirka ta Yamma a wajajen 2010. Suka bi ta Gambiya da kudancin Senegal, da Gini Bisau, da Togo da Benin da Ghana, sannan suka yada zango a Najeriya.

A jihohin Kogi da Taraba da maƙwabtansu, matasa sun bar gona sun kama zarto mai inji. A Taraba har wani sabon suna aka raɗa wa icen, wato madrid, kuma garuruwa irin su Garba Chede suka zama matattarar manyan motocin da ke kwasar gumagumai zuwa tashoshin jiragen ruwa na Legas.

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da manyan laifuka ya ƙiyasta, a rahotonsa na 2020, cewa a shekarar 2017 kaɗai Najeriya ta fitar da madobiyar da ta kai kimanin bishiyoyi miliyan 4, wato sama da kwantena 30,000, ko kuma kusan kwantena 100 a kowace rana.

Tun a wani rahoto na 2016, ofishin ya ce wannan rukuni na katako shi ne ya ɗauki kashi 35 cikin 100 na darajar dukkan dabbobi da tsirran dawa da aka kama a hannun masu fasa-ƙwauri tsakanin 2005 da 2014. Ma'ana, ya zarce hauren giwa.

A wasu wuraren ma cinikin bai tsaya ga itatuwa ba. A watan Janairun 2018 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da goma da suka shiga saran ice a wani daji na yankin Kasamance a Senegal, yankin da aka daɗe ana zargin cewa kuɗin katako na taimaka wa 'yan tawayensa.

Dokoki a takarda

Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta fara aiki ne a 1975, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shige ta.

A babban taronta na birnin Johannesburg a 2016, an sanya madobiya a rukuni na biyu na yarjejeniyar, matakin da ya fara aiki ranar 2 ga watan Janairun 2017. Abin da wannan ke nufi shi ne, ba a hana cinikin ba, sai dai dole ƙasar da za ta fitar da katakon ta ba da takardar izini, bayan masananta sun tabbatar da cewa saran ba zai ƙarar da icen ba, kuma an yi shi bisa doka.

Nan ne takaddama ta kunno kai. A watan Nuwamban 2017 wata ƙungiyar kare muhalli mai suna EIA, mai ofis a birnin Washington, ta fitar da rahoton da ya yi zargin cewa an ba da takardun izini kimanin 4,000 bayan kayan sun riga sun bar Najeriya, lamarin da ya ba da damar sakin gumagumai sama da miliyan 1.4, na kimanin dala miliyan 300, waɗanda aka tsare a tashoshin jiragen ruwan Sin.

Rahoton ya ambaci Hajiya Amina Mohammed, wadda ta sa hannu a takardun izini a kwanakinta na ƙarshe a matsayin ministar muhalli, kafin ta kama aikin mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta musanta aikata ba daidai ba, tana mai cewa ta bi ƙa'ida, kuma ita da kanta ta yi ta fafutukar daƙile haramtaccen cinikin. Babban sakataren majalisar, Antonio Guterres, ya bayyana cikakken goyon bayansa gare ta.

A watan Oktoban 2018, kwamitin dindindin na CITES ya ba da shawarar dakatar da cinikin madobiya daga Najeriya, kuma a wannan shekarar ce aka sa icen a jerin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa. A watan Yunin 2022 aka tsayar da cinikin daga dukkan ƙasashe 16 da abin ya shafa, wasu bisa raɗin kansu, wasu kuma bisa umarni.

Akwai wani giɓi a tsarin mulkin Najeriya da 'yan kasuwar suka ci gajiyarsa. Kula da gandun daji aikin jihohi ne, fitar da kaya zuwa waje kuma na gwamnatin tarayya. Don haka jiha tana iya hana sara, amma da zarar mota ta tsallake iyakarta, kayan sun fita daga hannunta. Wata jihar kuma, maimakon hanawa, haraji take karɓa a kan kowace mota.

Haka kuma, ko da yake Najeriya ta daɗe da haramta fitar da ɗanyen katako, dillalai sun riƙa feƙe gefunan gungume ya zama mai kusurwa huɗu, sannan a rubuta shi a takarda a matsayin wanda aka sarrafa.

Su kuwa masu ƙera sandar sunuka da jita, dokokin sun taɓa su ta wata fuska. Taron na 2016 ya sa dukkan dangin icen Dalbergia, wanda kokobolo da tabum ke ciki, a ƙarƙashin sa ido, abin da ya sa cinikin jita ko sanda ɗaya tak tsakanin ƙasa da ƙasa ya koma buƙatar takardu. Bayan ƙorafe-ƙorafe, taron Geneva na 2019 ya cire kayan kiɗan da aka gama ƙerawa daga wannan sharaɗi, tare da sauran ƙananan kayan da katakon cikinsu bai wuce kilo 10 ba.

Wannan sassauci yana da hujja, domin mai sanda ɗaya ba shi ne matsalar ba. Sai dai ya nuna wanda muryarsa ke isa zauren taro da wuri. Kamfanonin kayan kiɗa sun sami biyan buƙata cikin shekaru uku, alhali makiyayin da madobiyar kiwonsa ta tafi ba shi da wakili a wurin.

Gonakin da itatuwansu ba su ƙare ba

Dawakin Tofa na arewa maso yammacin birnin Kano. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane kusan 248,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 479, wato sama da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita, kuma babu shakka adadin ya ƙaru sosai tun daga lokacin.

A irin wannan wuri babu saura, babu daji. Kowace gona ana noma ta duk shekara, ana zuba mata taki, kuma kowane taku na ƙasa da mai shi.

A bisa lissafin da aka saba yi, wuri mai irin wannan cunkoso, kuma a bakin babban birnin da ke cin itacen girki dare da rana, ya kamata a ce tuni ya zama fako. Haka ma masana da dama suka yi hasashe bayan farin shekarun 1970.

Binciken da marigayi Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya da kuma Jami'ar Bayero, ya yi tare da abokan aikinsa ya nuna akasin haka. A littafinsu kan itacen girki a Kano, wanda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga a 1990, sun gano cewa manoman kewayen birnin sun riƙe itatuwansu duk da ƙaruwar jama'a, kuma galibin itacen da birnin ke ƙonawa daga dazuzzuka masu nisa manyan motoci ke kawo shi.

Wani nazarin da Muhammad Usman da Janet Nichol suka wallafa a 2018, bayan kwatanta tsoffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam, ya gano cewa yawan itatuwan gonakin yankin Kano ƙaruwa ma ya yi matuƙa cikin kimanin shekaru 50.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san karkarar Kano. Bishiyar da ke gona dukiya ce. Ɗorawa na ba da kalwa, kuka na ba da miya, tsamiya na shiga kunu, gawo kuma na zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, sannan da rani ya ciyar da awaki. Manomi yakan sassabe rassa ya sayar, ya bar gindin ya sake tofo. Idan kuwa biki ko rashin lafiya ya taso, bishiya ɗaya na iya fitar da shi kunya.

Ba wanda zai shiga gonar wani da gatari ba tare da an kai shi gaban mai unguwa ko dagaci ba. Ita kuwa madobiyar Taraba, yawancinta a dajin al'umma ko gandun gwamnati take, inda sa hannun mutum ɗaya, ko rufe idon jami'i ɗaya, ya isa a kwashe abin da ya shekara aru-aru yana girma.

Abin da ya faru a jihohin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar ya ƙarfafa wannan fahimta. Tun daga shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani, wato barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona ana kula da shi. Da hukuma ta sassauta riƙon da jami'an daji ke yi wa itatuwan gona, har manomi ya tabbata cewa abin da ya rena nasa ne, sai aka wayi gari masana na ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, masu ɗauke da bishiyoyi wajen miliyan 200.

Inda haɗarin yake

To amma yawan itatuwa daban, irin itatuwan daban.

Masu binciken na baya-bayan nan sun lura cewa darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, kuma sai a ƙarshen shekarun 1920 aka kawo ta Borno, ita ce ke mamaye gonakin, yayin da itatuwan gargajiya ke raguwa. Manomi na da hujjarsa, tunda darbejiya na girma cikin 'yan shekaru, awaki ba su cika damunta ba, kuma tana ba da itace da azara.

Su kuwa itatuwa masu taurin katako, irin waɗanda kasuwar duniya ke nema, ba sa sauri. Kirya, wadda masassaƙa ke yin turmi da taɓarya da ƙota da ita, maƙera kuma suka fi son gawayinta, tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta kai a mora. Haka marke, wanda ɗaya daga cikin mazaɓun Dawakin Tofa ke ɗauke da sunansa.

Kanya, wadda yara ke shan 'ya'yanta, 'yar gida ɗaya ce da ebonin da ake yi wa sandar sunuka gindi da shi, har ma a wasu littattafan ana kiranta ebonin Afirka. Katakonta na da nauyi, gara ba ta cika cin sa ba, kuma zuciyar tsohuwar bishiya takan yi duhu.

Wanda ya dasa irin waɗannan, jikokinsa yake dasa wa. Wanda ya sare su kuwa, ko da ya dasa darbejiya goma a madadinsu, lissafin tauraron ɗan'adam zai nuna an sami ƙari, alhali masassaƙin ƙauyen ya rasa abin aikinsa.

Tarihin cinikin ya nuna cewa idan aka toshe ƙofa ɗaya, dillalai wata suke nema. Wannan ne ya sa taron CITES na Panama a watan Nuwamban 2022 ya sanya dukkan dangin madobiya na Afirka a rukuni na biyu, ya kuma haɗa da dangin kawo da na maɗaci. Maɗaci kuwa ba baƙo ba ne a Kano, domin yana nan a gefen tituna da harabar tsofaffin makarantu.

Mallakar da ta kare itatuwan Dawakin Tofa ita ce kuma za ta iya zama hanyar rabuwa da su. Mai abu yana da ikon sayarwa. Idan ɗan kasuwa ya zo da kuɗin da ya fi na amfanin gonar shekara guda, a lokacin da taki ya yi tsada, da wuya a ga laifin magidancin da ya miƙa hannu.

Ga kuma matsin da ya riga ya iso. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, da tashin farashin iskar gas da kananzir, gidaje da yawa a birane sun koma ga gawayi, kuma masu ƙona gawayi icen da ke da tauri suke bi. Birnin Kano na ta miƙewa ta hanyar Katsina, gonaki na komawa fulotai, kuma abu na farko da mai sabon fuloti ke yi shi ne kawar da bishiyar da ke tsakiyarsa. Rabon gado ma na ƙara tsuke gonakin, ta yadda inuwar babbar ɗorawa ɗaya kan iya rufe wani yanki mai yawa na rabon mutum guda.

Su ma maginan tukwane, waɗanda garin Dawakin Tofa ya yi suna da su, suna cikin masu jin tsadar makamashi a jikinsu duk ranar da za a gasa kaya.

Wa ke cin ribar?

Kasuwar Dawanau, wadda ke cikin wannan ƙaramar hukuma, ta isa misali kan yadda kayan karkara ke shiga kasuwar duniya. Daga nan ake tattara riɗi da zoɓo da citta a cika manyan motoci zuwa bakin teku, kuma akasarinsu ɗanye suke fita. Hanyar da ta iya kai zoɓo Mexico, ba za ta gaza kai katako ko'ina ba idan da mai saye.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na tsawon watanni shida, bisa hujjar cewa ƙasar na samar da kaso mai yawa na ƙwaran a duniya amma ribar man kaɗe na tafiya wasu wurare. Nan take farashi ya faɗi a hannun matan da ke tsinto shi, abin da ya nuna cewa hana fitarwa, in babu masana'antar da za ta saya a gida, talaka ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa.

A ɓangaren katako, tazarar ta fi haka faɗi. Guntun da ake buƙata domin gindin sanda ɗaya bai kai tsawon hannu ba, kuma gungume guda na iya ba da irinsa da yawa. Mai saran da ya kwana a daji ana biyansa ne a kan gungumen, shi kuwa wanda ya busar, ya fere, ya goge, shi ke sa farashi a kan kowace sanda.

Akwai wani darasi daga Kamaru. A 2011 kamfanin jita na Taylor da ke Amurka, tare da wani kamfanin Sifaniya, sun sayi wata masana'antar yankan eboni a birnin Yawunde. Shugaban kamfanin, Bob Taylor, ya bayyana cewa a can ne ya gano masu sara kan kayar da bishiyoyi kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙi wuluk, su bar sauran a daji su ruɓe, saboda masu saye ba sa son katako mai ratsi. Kamfanin ya koma sayen mai ratsin a kan farashi ɗaya, daga baya kuma ya shiga aikin dasa sabbin bishiyoyi tare da mutanen ƙauyuka.

Ita ma sandar sunuka ta soma sauyawa. Tun daga wajajen 2016 manyan 'yan wasan samfurin Amurka da dama suka koma amfani da sanda mai gaban zaren kabon, ko da yake gindin, inda ake nuna ado, har yanzu katako ake so. A ɗaya gefen kuma masu saye ƙaruwa suke yi, musamman a Sin, inda wasan ya bunƙasa tun bayan nasarar Ding Junhui a 2005, kuma a watan Mayun 2025 Zhao Xintong ya zama ɗan ƙasar na farko da ya ci gasar sunuka ta duniya a birnin Sheffield.

Kano na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, tana kuma cikin jihohin arewa da ke cin gajiyar shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince ya ba shi dala miliyan 700 a watan Disamban 2021. Irin waɗannan shirye-shirye sun saba auna nasararsu da yawan dashen da aka raba, kuma wuraren renon itatuwa sun fi samar da masu saurin girma, irin su darbejiya da turare.

Kirya da kanya da marke kuwa galibi da kansu suke tsirowa a gona, kuma rayuwarsu ta dogara ne ga ko manomi zai kauce musu da garma a shekarunsu na farko, ya kuma kare su daga bakin akuya. A ƙauyuka irin su Kwa da Tattarawa da Jalli, wannan shawara ce da kowane mai gona ke yankewa shi kaɗai, a farkon kowace damina.